Wuyan Riga a Jikin Katanga

Takardar tana nan har yau a aljihun keken ɗinkina, a ninke gida huɗu. Takardar buhun siminti ce, irin wadda nake warewa in bi da dutsen guga, in yanka samfurin riga da ita. A jikinta na zana gidan da muka gina a bakin teku, ni da ban taɓa zana ko akurkin kaji ba. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan abin da na tsinta a makarantar manyan mata bayan na yi aure. Abin da na iya shi ne awo, da alli, da almakashi.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mai zane ne. Ban saba kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa. Gidanmu yana Madina, ta hanyar Ƙuba, shagonsa kuma yana wani lungu kusa da Harami, inda yake yi wa akwatunan ƙarfe na alhazai ado. Alhaji zai sayi akwati ya cika da dabino da tasbaha da darduma, ya kawo wa Malam ya rubuta masa sunansa da na garinsu, ya zana masa Koriyar Ƙubba a murfi, da bishiyar dabino biyu, a gaban akwatin kuma jirgin ruwa a kan teku. Ba ya zana mai rai. Jiragensa babu kowa a ciki, tekunsa ko kifi ɗaya babu.

Tekun nan iri ɗaya ne a kowane akwati: shuɗi fal kamar an jiƙa bula, da fararen layuka masu lanƙwasa a jere, guda bakwai. Ko da alhazai suka fara barin jirgin ruwa suna komawa na sama, bai daina ba. Sai ya ɗora jirgin saman a bisa, ya bar tekunsa a ƙasa yadda yake.

Sau ɗaya tak ya taɓa hawa teku. Yana ɗan shekara bakwai suka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda da iyayensa, bayan sun yi shekaru a hanya daga ƙasar Katsina. A can ƙasan jirgin aka jibge su, shi kuma amai ya kama shi, mahaifiyarsa ta lulluɓe shi da zane tun daga wancan baki har wannan.

"Na ga teku mana," in ji shi idan an tsokane shi. "Akwai huda a zanen Inna."

Mai tsokanar kuwa ƙanena ne, wanda na girme shi da shekara shida. Magini ne, har ana ce masa Mu'allim a wurin aiki. Tsakaninsa da Malam wasa ne na mijin yaya da ƙanen mata, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Shi yana kiran Malam da Alhaji Buroshi, Malam kuma yana cewa shi bai taɓa ganin katangar Mu'allim da ta miƙe ba tare da an roƙe ta ba.

Wata shekara, bayan alhazai sun watse, na lura Malam ya fara rikita gwangwanayen fenti. Ya zana wa wani mutumin Chadi ƙubba shuɗiya, sai da mutumin ya yi magana. Muka je asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, sukari ne ya taɓa jijiyar idon. Ya ce abin da ya rage zai yi ta raguwa, wataƙila ya kai shekara biyu, wataƙila ba zai kai ba. Ya hana shi tsayuwa cikin rana mai ƙarfi.

A bas muna dawowa, da muka kusa sauka, sai ya juyo gare ni.

"Ina so in zana teku ina kallonsa," ya ce. "Sau ɗaya. A zaune, a ɗakina, ba ta hudar zane ba."

Akwai wani mai sayar da kifi, mutumin Yanbu'u, wani gari a bakin teku, da yake kawo kifi Madina cikin ƙanƙara. Malam ne yake yi wa motarsa ado shekara da shekaru. Da ya ji maganar sai ya ce yana da fili arewa da garinsu, jikin gidansa, ruwa yana nan taku kaɗan a bayansa, mu zo mu gina. Maƙwabta suka yi ca. Mutum ya bar Madina da furfurarsa? Iyayenmu da ƙafa suka zo don a binne su a nan, in ajali ya same shi a can fa?

"Ba ƙaura zan yi ba," Malam ya ce musu. "Leƙe zan je in dawo."

Ƙanena ya je ya auno filin ya kawo lissafin a bayan kwalin shayi. Ya ce akwai masu zana taswirar gida a ofis, a nemi ɗaya.

"Ofis na me?" in ji Malam. "Ga muhandisa a gida, injiniya sukutum. Matar da take ɗinka wa mutum riga ba ta taɓa ganinsa ba, sai awonsa a takarda, rigar kuma ta zauna. Gida ya fi tumbin alhaji wuyar sha'ani ne?"

Daga ranar sunana ya koma Muhandisa. Har ya bar duniya bai sake kirana da wani ba.

Ni kuwa na ɗauki abin da gaske. Da yake ban san yadda ake fara gida ba, sai na fara yadda nake fara riga: na auna mai sawa. Na sa Malam ya buɗe hannuwansa na auna daga yatsa zuwa yatsa. Na zaunar da shi a kujerarsa na auna daga ƙasa zuwa idonsa. Na san kuma idan yana aiki yakan ja da baya ya ƙare wa zane kallo, ba ya waiwaye, har ya taɓa zama cikin bokitin farin fenti. Na ƙirga takun, biyar ne, na ƙara ɗaya saboda bokiti.

"Yaya," ƙanena ya ce, "ɗaki za mu gina ko jallabiya?"

"Kai dai riƙe bakin tef."

Kullum bayan la'asar muna saman soron gidanmu, mu uku da butar shayi. Abin da na zana a takarda sai in sake zana shi da alli a daɓen soron, da girmansa na gaskiya, ɗaki ɗaya a rana don wurin ba zai ɗauki duka ba. Malam ya shiga ya zaga, ya ce nan zai ajiye gwangwanaye, nan zai jingine alluna su bushe. Idan ƙanena ya tsallake layin alli zai ɗauko kofi, sai Malam ya daka masa tsawa.

"Mu'allim! Ka bi ta ƙofa! A gidan mutane ma haka kake ratsa bango?"

Ƙanena ya koma ya zagayo, ya tsaya a inda na bar giɓi, ya yi sallama, ya jira har sai da aka amsa masa.

Babu abin da ba mu tattauna ba. Ɗakin girki muka kai can nesa da ɗakin zane don kada warin kananzir ya shiga miya. Ƙanena ya ce alƙiblar Yanbu'u ba daidai take da ta Madina ba, ta ɗan karkata, saboda haka sai da ya koma ya tambayi limamin unguwar kafin mu sa wa banɗaki wuri. Mai kifi ya gargaɗe mu cewa iskar gishiri tana cin ƙarfe, muka ce to ƙofofi da tagogi duk na katako. Muka yi maganar tankin ruwa, da inda zan shanya wanki a bayan ɗakin zane, da inda kekena zai zauna.

Amma taga ita ta ci mana mako uku. Malam ya ce kamu shida yake so, tana duban yamma, wajen ruwa. Mu a Madina taga 'yar ƙarama muka sani, can sama, don zafi.

"Wannan ba taga ba ce, Alhaji Buroshi, garejin mota ne," in ji ƙanena. "Rana za ta shigo da yamma ta soya ka kamar kifin maƙwabcinka."

"Ka ce dai ba ka iya ba."

"Ni? Wallahi in ka so in cire bangon gaba ɗaya in bar ka a fili."

"Kamu shida."

"Uku."

"Kai da ko layi ba ka iya ja ba sai da igiya."

A ƙarshe ni na raba: kamu biyar, da rumfa a samanta ta tare rana, ƙasanta kuma ya sauko daidai gwiwar mutum a zaune. Suka sha hannu kamar an ɗaura aure.

Ranar da muka gama, na ɗauki alli na zagaye dukan zanen da layi biyu, kamar yadda nake yi wa bakin riga kalmasa. Ƙanena ya leƙo.

"Tsawonta fa?"

"Kamar ta kowa," na ce.

Malam yana zuba shayi, ya gyaɗa kai. Iyakar maganar da muka yi kan katanga ke nan. A wurinmu katanga ba abar shawara ba ce. Gidan da aka haife ni da katanga aka fara shi, na Malam ma haka. Mahaifina yakan ce tsawonta shi ne wanda yake kan raƙumi kada ya hango tsakar gida, kuma ko da raƙuma suka bar titi, tsawon bai ragu ba.

Ginin ya ɗauki wata biyar. Ƙanena yana can da ma'aikatansa, yana zuwa mana ranar Alhamis da labari. Malam ya ƙi zuwa, ya ce sai an gama zai gani gaba ɗaya. A cikin watannin nan idonsa na hagu ya kusa tafiya. Na yayyanka ƙyallaye na ɗaura wa kowane gwangwani, da ƙulli: ɗaya shuɗi, biyu fari, uku kore, haka har na ƙarshe, don ya riƙa ganewa da hannu. Ya ce yanzu ya zama mai jan tasbaha da fenti.

Muka tashi wata safiya a motar ɗaukar kaya ta ƙanena, kekena da alluna a baya, gwangwanaye a kan cinyar Malam don bai yarda da ramukan hanya ba. Muka wuce Bi'ir Ali, masu harami suna ta hawa manyan motoci. A Badar muka tsaya muka ci gurasa da wake. Da muka fara jin warin gishiri sai Malam ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska.

"Kada wanda ya ce mini ga shi can. Ta tagata zan fara ganinsa."

"Ashe har yanzu kana cikin zanen Inna," in ji ƙanena.

Ƙofar gidan tana duban titi, ruwan yana baya. Ƙanena ya riƙo hannunsa, suka bi ta zaure, suka ratsa tsakar gida, ni ina biye ina duba aikina. Komai yana inda na sa shi. Ban taɓa shiga cikin abin da na yanka ba sai ranar, har na ji kaina ya ɗan yi girma. Aka zaunar da Malam a kujera a tsakiyar ɗakin zane. Ƙanena ya buɗe marufan tagar ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya ya ce, "Yalla, bismillah."

Malam ya yaye ƙyallen.

Ya daɗe yana kallo. Ya murza idon dama, ya sake kallo.

"Muhandisa," ya ce a hankali, "ko dai idon ya ƙarasa ne a hanya? Toka-toka kawai nake gani."

Taga ce kamu biyar, da rumfarta, ba ta da makusa. Taku huɗu a gabanta kuma ga katanga, doguwa, an yaɓe ta da siminti sumul. A bayanta muna jin ruwa yana zuwa yana komawa.

Ƙanena ya cire hularsa ya sosa kai. Wata biyar yana wucewa ta gaban tagar nan. Katangar ya fara ginawa, kamar kullum, don ya samu inda zai kulle siminti, sannan ya yi sauran aikin daga ciki. Kowace taga da ya taɓa ginawa a rayuwarsa katanga take kallo, saboda haka wannan ma bai ga abin da ya same ta ba.

"Idonka lafiya lau," ya ce da ƙaramar murya. "Katanga ce."

"Katanga." Malam ya gyaɗa kai. "Mu'allim, na janye maganata. Wannan ta miƙe. Ban taɓa ganin yaɓe mai santsi haka ba."

Sai suka fashe da dariya, su biyun, har ƙanena ya zauna a ƙasa, Malam yana share ido da bakin ƙyalle. Ni ban yi dariya ba. Layina ne, guda biyun nan.

Da suka lafa ƙanena ya ce bari ya ɗauko guduma a mota, kafin la'asar an gama.

Na ce a'a.

Ina so in faɗi wannan yadda ya faru, ba tare da na gyara kaina ba. Na riga na leƙa ta ƙofar baya na ga masunta zaune dab da katangar suna ɗinkin taru, su wajen takwas. Tsakanin tagar da katangar nan ne famfo yake, nan ne igiyar shanyata. Na haura shekara hamsin namijin da ba muharramina ba bai taɓa ganina da hannu cikin kumfa ba. Na ji kamar an ce in fita titi ba mayafi. Na ce ai ruwan ba nisa, Malam ya riƙa fita bakinsa yana zanawa.

Malam ya ce, "Yadda Muhandisa ta ce." Ƙanena ya dube ni. Washegari ya koma Madina.

Malam ya gwada. Sau biyu mai kifi yana ɗaukar masa allo zuwa bakin ruwa. Ƙyallin rana a kan ruwan ya sa idon ya yi ta zubar da hawaye har ba ya iya buɗe shi, iska kuma ta kwaso rairayi ta watsa wa ɗanyen fentin. Ya dawo da allon kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli. Saman rufi babu matakala, babu inuwa. Ya hau ganga a jikin katangar, kansa kaɗai ya fito, masunta suka yi ta gaishe da kan, gangar tana rawa a ƙarƙashinsa. Na ce ya sauko kafin mu ƙara karaya a kan ciwon ido.

Bai sake tayar da maganar ba. A rana ta biyar sai na ga ya fito da gwangwani mai ƙulli ɗaya da babban buroshi, ya fara shafe katangar da take fuskantar tagar.

"Tunda teku ya ƙi shigowa, na kawo nawa," ya ce. "Wannan babu gishiri, babu masunta, ba ya cin ƙarfe."

Na yi dariya, har na kawo masa shayi wurin. Na ɗauka an rabu lafiya ke nan.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na sa abaya na je mayar wa matar mai kifi kwanonta. Ta ce in zo ta nuna mini inda mata suke zama, can gefe bayan wasu duwatsu. Ranar na fara tsayawa a gaban ruwan sosai, ba leƙe ta ƙofa ba.

Ba shuɗi ba ne. A bakinsa garau yake kamar shayin da bai ji ganye ba, ana ganin rairayi a ƙasa. Gaba kaɗan ya koma tsanwa mai haske, sai wani wuri mai duhu kamar ruwan zoɓo inda duwatsu suke a ciki, sai kore sosai, sai can nesa wani launi da ban san sunansa ba, ya kusa baƙi. Kafin in gama kallo gajimare ya gifta, duk suka sauya wuri. Na nemi fararen layukan nan bakwai ban gansu ba.

Na dawo gida na tsaya a bakin ɗakin zane. Ta tagar na hango Malam a jikin katanga, hancinsa ya kusa taɓa siminti, yana jan farin layi mai lanƙwasa. Ya laluba da hannun hagu ya taɓa ƙullin gwangwani kafin ya tsoma buroshi. Na ƙirga layukan. Shida, yana kan na bakwai. Akwatin alhaji ne, ya dai fi girma. Mun yi tafiyar rabin yini, mun gina gida, don ya zana abin da ya yi shekara talatin yana zanawa a lungun Harami.

Ya ji motsi ya juyo. Tsakaninmu bai fi taku goma ba, da rana tsaka.

"Wane ne?" ya ce.

Na shiga ɗaki na buɗe aljihun keke na ɗauko alli, rawaya, wanda nake sa wa yadi mai duhu.

"Malam, zo ka zauna a kujerarka."

"Lafiya?"

"Awo zan yi."

Ya zauna. Na tsaya a bayansa na sunkuya daidai idonsa, na ga iyakar abin da tagar take ɗauka na katangar. Na fita na hau gangar da na hana shi hawa. Ban san yadda ake zana taga a jikin bango ba, hannuna sai ya yi abin da ya sani. Ya faro daga saman katangar da faɗi, ya gangaro yana lanƙwasa har kusa da ƙasa, ya zagayo ya hau ɗaya gefen. Da na sauko na duba, wuyan riga ne, ba ko shakka.

"Muhandisa, me kike yi wa tekuna?"

"Zan musanya maka da wani."

Ya ɗauko tsumma yana goge buroshin da ya riga ya goge.

Ranar Alhamis ƙanena ya zo. Ya tsaya gaban katangar, hannu a ƙugu.

"Yaya, wannan wuyan na wane ƙato ne?"

"Kai dai yanka."

Ya yi yinin yana sara, shi da mutum ɗaya. Da ya gama na ga bai bi kan layin ba, ya bar yatsa biyu daga ciki, allina yana nan a jikin shuɗin fentin ya zagaye giɓin.

"Rarar ɗinki na bar miki," ya ce. "Ba haka kuke yi ba?"

Aka share ɓaraguzai, ƙura ta kwanta. La'asar ta yi sanyi. Malam yana kujerarsa, wannan karon ba ƙyalle a fuska. Rumfar ta tare ƙyallin, ruwan ya cika tagar daga gefe zuwa gefe. Muka tsaya a bayansa. Ya daɗe ƙwarai yana kallo.

"Ashe ƙarya na yi wa alhazai," ya ce.

"Sai a bi su a karɓo akwatunan," in ji ƙanena. "Daga Kano har Damagaram. Ni zan tuƙa."

"Rufe mana baki, Mu'allim. Muhandisa, miƙo mini mai ƙulli uku. Da mai biyar. Da ɗan ƙaramin nan da ban taɓa buɗewa ba."

Na ɗinka labule da yadin tanti, ƙanena ya ɗaura waya daga wannan kafaɗar katangar zuwa waccan. Idan zan fita famfo sai in ja.

"An rufe teku!" Malam zai yi kira daga ciki.

"Shanya nake yi!"

"To a gaya wa ruwan ya tsaya yadda yake, ban gama da shi ba."

Labulen bai yi wani aiki mai yawa ba. Washegarin da aka fasa katangar, masunta suka kwashe tarunsu suka koma can gaba, bayan gidan mai kifi. Ba wanda ya roƙe su. Har muka bar wurin ban ga ɗayansu ya ɗago kai ta wajenmu ba.

Wata bakwai ya yi yana zane. Ya ɓata alluna da yawa, ya ce hannun ya saba da ƙarya, da ya saki jiki sai ya ja layi mai lanƙwasa. Da idon ya ƙara ja baya sai ya riƙa tambayata.

"Can bayan duhun nan, wane launi ne yanzu?"

Ni da yadi na san launi. Sai in ce kamar shaddar da na ɗinka wa liman da ƙaramar salla, amma bayan an wanke ta sau biyu. Ya ce ya gane, ya laluba ƙulli. A watannin ƙarshe abin da nake faɗa masa ya fi abin da yake gani yawa. Allo ɗaya babba ya gama, ya ce a juya shi ya fuskanci bango har ya bushe, kada in duba.

Bayan nan idon ya rufe. Ya ci gaba da zama a gaban tagar don iska. Yakan ce yanzu da kunne yake jin launin, wai kore ya fi shuɗi surutu.

Mun dawo Madina kafin azumi. Shekara ta zagayo ya rasu a ɗakinsa, a hanyar Ƙuba, aka kai shi Baƙi'a. Leƙen ya je ya dawo, kamar yadda ya ce.

Daga ranar da na ce a'a zuwa ranar da ƙanena ya ɗaga guduma kwana goma sha uku ne. Na sha ƙirga su. Cikin ɗan abin da ya rage masa na gani na cinye su, kuma a lokacin idon ya fi ƙarfi. Bai taɓa ambata su ba, ko da wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce ba wasa.

Allon yana rataye a saman kekena. Sai da muka dawo Madina na juya shi. Ruwan ya ɗan karkace, akwai wurin da ya sa ruwan hoda inda na tabbata kore na ce masa. Bai zana tekun shi kaɗai ba. Ya sa katangar a gefe da gefe, da guntun tsohon tekunsa na bula a jikinta, da ragowar fararen layukan da guduma ta bari. A bakin giɓin kuma, yatsa biyu daga inda aka sara, ya ja rawayan layi siriri kamar zare, tun daga wannan kafaɗa har waccan, bai katse ba. Da idon da yake da shi a lokacin, sai ya manna fuskarsa a jikin allon kafin ya iya. Ban san ranar da ya yi shi ba. Wataƙila ina shanya.

Bara ƙanena ya je duba gidan. Ya dawo ya ce iskar gishiri tana shigowa ta giɓin tana cin katakon tagar, ko in ba shi izini ya toshe, bulo kaɗan ne.

Na ce ya sauya katakon.